Yaran ruga da na bakin ruwa: tambayoyi da amsoshi kan talauci, lafiya da karatunsu

Idan ana maganar yaran da ba sa zuwa makaranta a Najeriya, hankalin yawancinmu kan tafi ne ga almajirin da muke gani da roba a bakin tasha. Akwai wasu yaran da ba ma ganinsu sam, domin suna can bayan gari, a ruga, a mashekari, a tsibiran tafki, ko a kan duwatsun da mota ba ta hawa. Waɗannan tambayoyi ne da mutane ke yawan yi game da su.

Su wane ne ake nufi da yaran al'ummomin da aka bari a baya?

Kashi mafi girma su ne 'ya'yan makiyaya: Fulanin daji, da Larabawan Shuwa na Borno, da Koyam, da Buzaye da Bararoji a Nijar da kan iyakarmu. Sai 'ya'yan masunta masu bin ruwa, irin Sarkawa da Gungawa na yankin Yawuri da tafkin Kainji, da Buduma na tsibiran Tafkin Chadi, da masuntan bakin teku a kudu. Akwai kuma mazauna duwatsu da lunguna, kamar Koma na tsaunukan Alantika a Adamawa, da wasu ƙauyukan Kambari a jihohin Neja da Kebbi.

Harsunansu daban, addinansu ma ba ɗaya ba ne. Abin da ya haɗa su shi ne nisa da hukuma. Ba su da kansila, ba su da wanda zai tsaya musu a ofishin ilimi na ƙaramar hukuma, kuma sau da yawa ko a taswirar da ake raba allurar rigakafi ba su fito ba.

Yara nawa ake magana a kai?

UNICEF ta daɗe tana cewa yara miliyan 10.5 ne ba sa makaranta a Najeriya, a 2022 kuma UNESCO ta ce sun kai kimanin miliyan 20 idan an haɗa da 'yan shekarun sakandare. Game da makiyaya da masunta, ƙiyasin da aka daɗe ana amfani da shi shi ne mutum miliyan 9.3, a ciki akwai yara miliyan 3.1 da suka isa shiga makaranta. Wannan lissafi tsoho ne, jama'a kuma sun ƙaru sosai tun daga lokacin. Ƙidayar ƙarshe da aka yi a Najeriya ita ce ta 2006, yaran da aka haifa a waccan shekarar, yanzu wasunsu sun yi aure.

Ta yaya za a kira mai garken shanu talaka? Saniya guda ba ta fi albashin wata da watanni ba?

Wannan ita ce tambayar da ta fi yi wa yaran nan illa, domin da ita ake kore su daga kowane lissafin tallafi. Mutum ya ga garke ya cika hanya, yaro ɗan shekara goma na biye da sanda, sai ya ce ai waɗannan sun fi ni arziki.

Da farko, shanun da yaron ke kora ba lallai ba ne na gidansu. Tun bayan farin 1973 zuwa 1974, da annobar bushiya ta 1983, da farin 1984, gidaje da yawa sun rasa dabbobinsu ba su kuma farfaɗo ba. Shanu masu yawa sun koma hannun 'yan kasuwa da manyan ma'aikata da 'yan siyasa na birni, tsofaffin masu shanun kuma suka zama masu kiwon haya. Gainako, wato mai kiwon, yakan yi wata shida ko fiye yana bin shanun wani kafin a sallame shi da ɗan maraƙi. Idan saniya ta ɓata ko ta shiga gonar mutane, a kansa abin yake ƙarewa.

Na biyu, ko da shanun na gidan ne, garken da kake gani ba na mutum ɗaya ba ne. A ciki akwai na uba, da na ƙannensa, da sadakin matan gidan, da karsanar da aka ba wa kowane yaro tun ranar suna, da ta aro da ɗan'uwa ya bayar don a sha nono. Saniya talatin a gidan mutum goma sha biyar ba dukiya ba ce da za a yi ta sayarwa. Ita ce gonarsu, ita ce rumbunsu. Duk macen da aka sayar, an rage nonon bana da maraƙin baɗi. Shi ya sa makiyayi kan yi ta jinkiri kafin ya kai saniya kara, ko da yaro na kwance ba lafiya, mu kuma mu kira shi marowaci.

Na uku, talauci ba rashin kuɗi kaɗai ba ne. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar a watan Nuwamba 2022 ya auna talauci ta fuskar abinci da lafiya da ilimi da ruwan sha da muhalli da tsaro. Ya gano mutum miliyan 133, wato kashi 63 cikin ɗari na 'yan ƙasa, suna cikinsa. A karkara kashi 72 ne, a birane kashi 42. Jihar Sakkwato ce ta fi kowace da kashi 91. A cikin yara kuwa, kashi 67.5 ne matalauta. Da wannan ma'auni, yaron da ke shan ruwa tafki ɗaya da shanu, wanda bai taɓa ganin malamin asibiti ba, bai kuma iya rubuta sunansa ba, talaka ne ko da ubansa na da saniya hamsin.

Amma ba iyayen ne da kansu ke ƙin boko ba?

Akwai masu ƙi, ba a musun wannan. Sai dai ya kamata a saurari dalilinsu kafin a yanke musu hukunci.

Kiwo aikin hannu da yawa ne. Da asuba akwai tatsa, da hantsi a saki shanu, wani ya bi manya, wani ya tsare maruƙa da tumaki, da rana a kai su mashaya. A da, lokacin da daji ke da faɗi, mutum ɗaya na iya kora garke. Yanzu gonaki sun cinye burtali, kowane taku akwai amfanin gonar wani, dole a sa ido biyu ko uku kada a yi ɓarna a shiga rigimar da za ta ci saniya biyu a hannun ɗan sanda da alƙali. Makarantar da ke buɗewa ƙarfe takwas ta tashi ƙarfe ɗaya ta ɗauke yaron daidai lokacin da aka fi bukatarsa. Zangon karatu kuma bai san da cin rani ba: daga Disamba zuwa Mayu, rabin gidan ya yi kudu neman ciyawa da ruwa.

Sannan uban yana duba abin da makarantar ta haifar. Ya ga ɗan maƙwabcinsa ya shekara shida yana zuwa, ya fito bai iya karanta takardar maganin dabbobi ba, kiwon ma ya manta, dajin ya fara yi masa ƙyama, birnin kuma bai ba shi aiki ba. Dattijon da ya ce "ya rasa boko ya rasa kiwo" ba jahilci ne ke magana a bakinsa ba, lissafi ne ya yi.

Batun cewa Fulani ba sa son ilimi kuwa, tarihin ƙasar nan bai goyi bayansa ba. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da ƙanensa Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello sun yi rubutu da Larabci da Fulfulde, Nana Asma'u kuma ta kafa tsarin 'yan taru, inda jagororin mata da ake kira jaji ke zuwa daga ƙauyuka su ɗauki karatu su koma su koyar da mata a gidajensu. Tun ƙarni na 19 aka gane a nan cewa idan ɗalibi ba zai iya zuwa wurin karatu ba, sai karatun ya je wurinsa.

Abin da ya kamata a sani shi ne ra'ayin ya sauya ƙwarai a 'yan shekarun nan. Satar shanu da ƙarancin makiyaya sun sa arɗo da yawa su ne yanzu ke zuwa ƙaramar hukuma da kansu neman a ba su malami. Ruga da dama sun haɗa kuɗi sun yi rumfa ko ajin laka, suna biyan malamin sa kai daga aljihunsu.

Me gwamnati ta taɓa yi a kan wannan?

An yi ƙoƙari na gaske a zamanin mulkin Janar Babangida, lokacin da Farfesa Jibril Aminu ke ministan ilimi. Bayan taron da aka yi a Yola a 1986, an kafa Hukumar Kula da Ilimin Makiyaya ta Ƙasa da doka mai lamba 41 ta 1989, hedikwatarta na Kaduna. Farfesa Chimah Ezeomah na Jami'ar Jos, wanda ya daɗe yana bincike a kan Fulanin Filato da Bauchi, shi ne shugabanta na farko. An raba aikin ga jami'o'i: Jos ta riƙe bincike, Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato ta riƙe tsara manhaja, Maiduguri horar da malamai, Fatakwal kuma ilimin 'ya'yan masunta, waɗanda aka shigar cikin shirin daga baya.

An gwada dabaru iri-iri: azuzuwan tanti da ake naɗewa a bi makiyaya da su, makarantun cikin jirgin ruwa, littattafan Fulfulde, da shirin rediyo mai suna Don Makiyaya a Ruga da aka riƙa watsawa daga Rediyon Kaduna. A 1990 makarantun 329 ne, ɗalibai ba su kai dubu ashirin ba. Yau makarantun sun kai dubbai, kuma akwai malamai da ma'aikatan jinya da likitocin dabbobi da suka fara daga cikinsu. Duk wanda ya ce shirin bai tsinana komai ba, bai yi masa adalci ba.

To me ya hana shi kai wa inda ake so?

Babbar matsalar ita ce malami. Hukumar ta Kaduna tana tsara manhaja, ta buga littattafai, ta horar, ta sa ido. Amma ɗaukar malami da biyansa albashi aikin jiha ne da ƙaramar hukuma. A nan igiyar ke tsinkewa. Makarantar makiyaya ita ce ta ƙarshe a layi idan ana rabon malamai, kuma turawa can ya zama kamar horo ga wanda ya yi laifi ko wanda ba shi da kowa a ofis. Malamin na zaune a gari, makarantar na da nisan kilomita ashirin ta hanyar da babur kaɗai ke bi, kuɗin mai ya fi ƙarfin albashinsa, babu gidan kwana, babu alawus. Sai ya riƙa zuwa sau biyu a mako, daga baya sau biyu a wata. Yara su zo su zauna har rana ta take, ba kowa, su koma. Bayan 'yan makonni uban ya mayar da yaron bayan shanu, a rubuta a rahoto cewa "iyaye ba su ba da haɗin kai ba".

Akwai kuma wurin da ake gina makarantun. Sau da yawa ɗan siyasa ne ko mai unguwa ke zaɓar fili, sai a yi ginin a ƙauyen manoma da sunan makiyaya. 'Ya'yan ƙauyen su cika ajin, wanda ba laifi ba ne, su ma suna bukata, amma yaron da aka yi don shi yana can nesa. Azuzuwan tanti kuwa, yawancinsu sun yage ba a sake su ba.

Sai kuɗi. Dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don ilimin matakin farko, amma jiha ba ta karɓar babban kason sai ta ajiye daidai abin da za a ba ta. Shekara da shekaru biliyoyin naira na kwance a asusun UBEC, hukumar ilimin bai ɗaya ta tarayya, saboda wasu jihohi ba su ajiye nasu ba. A ganina babu abin da ya fi wannan ciwo: kuɗin na nan, yaran na zaune a ƙasa.

Da wane harshe ake koyar da su?

A takarda, har zuwa 2025, da harshen uwa ne a shekarun farko. A zahiri, malamin da aka tura galibi bai jin Fulfulde ko Larabcin Shuwa, sai ya koyar da Hausa, littafin kuma na Turanci. Yaro ɗan shekara shida da ya tashi a ruga mai nisa yana iya shiga aji bai jin ko ɗaya daga cikin biyun. Mu Hausawa da muke kukan an ɗora wa 'ya'yanmu Turanci tun aji ɗaya, ya kamata mu fi kowa gane halin yaron da aka ɗora masa harsuna biyu a rana guda. Maganin kuwa sananne ne, a ɗauki malami daga cikinsu.

'Yan mata fa?

Nauyinsu ya fi na maza, duk da ba a cika ganinsa ba. A gidan makiyayi nono na mace ne. Ita ke kaɗa shi, ta fitar da mai, ta dama fura, ta ɗauki ƙwarya zuwa kasuwa, da kuɗin ne ake sayen gishiri da sabulu da hatsi da kayan ɗakin 'ya. Yarinya 'yar shekara takwas ta riga ta shiga wannan aiki, ga ɗiban ruwa, ga itace, ga reno. Tallar nono kan kai ta tafiyar sa'o'i a daji da tasha, inda babu mai kare ta. Aure kuma kan zo da wuri, wani lokaci an yi baiko tun tana ƙarama.

Uwa ba za ta saki wannan hannu don wa'azin jami'i ba. Inda aka ga canji, wani abu ne ya rage mata aiki: rijiyar burtsatse kusa da ruga, wurin tattara madara da ke sayen nono a ƙofar gida, malama mace da iyaye suka amince da ita, makewayi mai ƙofa a makaranta, da ajin da ake yi da yamma bayan an dawo daga kasuwa.

Yaran da ke shan nono kullum, ta ina tamowa za ta kama su?

Da damina da kaka nono na wadata, yaran ruga kan fi na ƙauye ƙiba. Da bazara ne abin ke juyewa. Shanu sun rame, nono ya ƙafe, manyan garken sun yi nisa, an bar mata da yara da tsofaffi da 'yan shanu kaɗan, ɗan abin da aka tatsa kuma dole a sayar don hatsi ya yi tsada.

Ga ruwan sha daga tafki ko rafi, mai kawo gudawa da tsargiya. Ga zazzaɓin sauro a fadama ba gidan sauro. Ga saran maciji, wanda duk wanda ya san asibitin Kaltungo a Gombe ya san manoma da makiyaya ne suka fi cika shi. Ga cututtukan da ke tsallakowa daga dabba zuwa mutum ta ɗanyen nono, kamar tarin fuka da bakkale. Uwa mai naƙuda kuwa, idan haihuwa ta zo da gardama, babur ne motar asibitinta.

Rigakafi shi ne babban giɓi. Lokacin yaƙi da cutar shan inna, sai da ma'aikata suka koma bin burtali da kasuwannin shanu, suna aiki da arɗo-arɗo, kafin a isa ga yaran da ba a taɓa ɗiga musu maganin ba. Wannan na cikin abin da ya kai ga shelar kawar da asalin ƙwayar cutar daga Afirka a watan Agusta 2020. A Chadi an yi wata dabara tun daga shekarar 2000: masu bincike sun tarar ana yi wa shanun makiyaya allura amma kusan babu yaron da ya kammala tasa, sai aka haɗa likitan dabbobi da na mutane a mota ɗaya. Ranar da aka yi wa shanu allura, a yi wa yara da mata. Kuɗin tafiya ya ragu, jama'a kuma suka fito.

Ina alaƙar wannan da rashin tsaro?

Kafin komai, yaran nan su ne farkon waɗanda abin ya ci. Satar shanu ta fara cinye rugage a Zamfara da Katsina da Birnin Gwari kafin garkuwa da mutane ta iso manyan hanyoyi. Gidan da aka kore masa garke a dare ɗaya ya koma ba shi da komai. Daga ɗaya ɓangaren kuma, 'yan sa kai sun sha ƙone rugagen da ba su ji ba ba su gani ba, har zuwa kasuwa ya gagari wasu. Bayan sace ɗalibai a Ƙanƙara a Disamba 2020, da Kagara da Jangebe a Fabrairu 2021, an rufe makarantun karkara masu yawa, kuma na daji ne suka fi daɗewa a rufe.

Gaskiya ce kuma cewa da yawa daga cikin samarin da ke riƙe da bindiga a dazukan arewa maso yamma ba su taɓa shiga aji ba, na boko ko na allo. Wannan ba uzuri ba ne ga kisan da suke yi, waɗanda aka kashe musu iyaye da 'ya'ya a ƙauyuka suna da haƙƙin a bi musu kadi. Amma yin kuɗin goro a ce duk Bafulatanin daji ɗan bindiga ne zalunci ne, yana kuma kore yaran daga makarantar ƙauye, inda sauran yara ke jifansu da wannan suna.

Yaran masunta matsalarsu ɗaya ce da ta makiyaya?

Sun yi kama, amma ruwa ke juya su ba ciyawa ba. Idan ruwa ya ja, kifi ya tattaru, iyali kan tashi zuwa wani tungan su yi watanni. Yaro na tuƙa kwalekwale, yana kwashe ruwa, yana jan koma da dare, yarinya na banda da shanya kifi. Da aka gama madatsar Kainji a 1968, an tayar da mutum sama da dubu arba'in daga garuruwansu, tsibirai da yawa na Gungawa suka nutse. A Tafkin Chadi, wanda ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960 kafin ya ƙanƙance ƙwarai, rikicin Boko Haram ya tarwatsa Baga da Doron Baga da tsibiran da ke kewaye, dubban yara suka tashi a sansanonin gudun hijira. Inda makaranta ke tsallaken kogi kuma, uwa na da dalilin hana ɗanta shiga jirgin da ba rigar kariya, ganin yadda jirage ke kifewa kusan kowace damina a Kebbi da Neja da Sakkwato.

Ba akwai dokar da ta tilasta sa yaro makaranta ba?

Akwai. Dokar 2004 ta ce karatun shekara tara kyauta ne kuma dole. Uban da ya ƙi, karon farko a ja masa kunne, na biyu tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya, bayan haka naira 5,000 ko wata biyu. Akwai kuma Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003, wadda jihohin arewa da yawa ba su amince da tasu ba sai a 'yan shekarun nan. Amma da wane ido za a gurfanar da uba don bai kai ɗansa makarantar da babu malami a cikinta ba? Dolen ta hau kan hukuma tukuna.

Me zai hana a zaunar da su wuri ɗaya kowa ya huta?

Da yawansu sun riga sun zauna, ko sun zauna rabi: iyali na wuri ɗaya suna ɗan noma, samari ne kawai ke tafiya da shanu. Abin da ke hana sauran shi ne ƙasa. Gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe makiyaya a 1965, an ware wurare sama da 400, amma kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai aka yi wa rajistar doka, da yawa kuma an yanka su gonaki an raba. Makiyayin da ya shekara talatin a wuri yana iya wayar gari a ce masa ya tashi, filin an sayar. Wa zai gina aji a ƙasar da ba ta da tabbas?

Inda aka sami tabbas, kamar Ladduga a keɓaɓɓen makiyayar Kachiya ta jihar Kaduna, an ga makarantu da asibiti da kasuwa sun tsaya, yara sun yi karatu har gaba da sakandare. Shirin Ruga na 2019, na gina wa makiyaya matsuguni, ya mutu cikin 'yan makonni saboda rigimar siyasa, a 2024 kuma an kafa ma'aikatar bunƙasa kiwo ta tarayya. Ko wane suna za a ba shirin, zama na tilas ba tare da ruwa da ciyawa da takardar fili ba, talauci kawai zai ƙara.

Akwai ƙasar da ta yi nasara a kan irin wannan?

A Iran, daga shekarun 1950, Muhammad Bahmanbegi, wanda shi kansa ɗan makiyayan Ƙashƙai ne, ya kafa makarantun farin tanti masu tafiya tare da ƙabilu. Sirrinsa shi ne malamai: ya ɗauko samari da 'yan mata daga cikin makiyayan, ya horar da su a Shiraz, ya mayar da su cikin danginsu. Malamin na tashi ranar da ruga ta tashi, domin shi ma gida yake bi.

Mongoliya ta bi hanyar makarantun kwana kyauta, masu abinci da ɗumi, da ma'aikatan da su ma 'ya'yan makiyaya ne, har kusan kowa ya iya karatu. Da aka raba dabbobin gwamnati ga iyalai a farkon shekarun 1990, tallafi kuma ya ragu, sai yara maza suka fara barin aji suna komawa kiwo.

A Nijar makarantun makiyaya sun faro ne tun zamanin Faransa, kuma da tilas aka fara su, har manyan Abzinawa kan ɓoye 'ya'yansu su tura na barorinsu. Abin da ya riƙe makarantun yankin Agadas da Tawa da Diffa daga baya shi ne ciyarwa da wurin kwana: iyaye su tafi da dabbobi su bar yaro inda suka san zai ci sau uku. Duk shekarar da abincin ya yanke, ajin kan watse.

Hukumar almajirai da aka kafa ba za ta ɗauke nauyin ba?

An kafa ta a 2023 don almajirai da sauran yaran da ba sa makaranta, kuma akwai inda aikin ya haɗu, tunda makiyayan da suka rasa shanu na tura 'ya'yansu almajiranci birni. Sai dai makarantun tsangaya na zamani da gwamnatin Jonathan ta gina, farawa da ta Gagi a Sakkwato a 2012, da yawansu sun lalace bayan an miƙa su ga jihohi. Matsala ɗaya ce da ta makarantun makiyaya: tarayya ta gina, ba a san mai biyan malami ba.

Idan yaro ya gama aji shida, sai me?

A nan ake asarar mafi yawansu, har da masu ƙoƙari. Shirin ilimin makiyaya ya fi ƙarfi a firamare. Ƙaramar sakandare na cikin gari, sai an sami gidan da zai riƙe yaro, ga kuɗin mota da riga da littafi. Daga nan sai takardu: takardar haihuwa, wadda yawancinsu ba su da ita, lambar shaidar ɗan ƙasa da ba a rajistar JAMB sai da ita tun 2021, da takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma. Wannan ta ƙarshe ita ce mai wuya. Yaron da aka haifa a wata jiha, kakansa ya fito daga wata, yana iya zagaya ofisoshi kowa na ce masa ba ɗan nan ba ne, ba tare da ita ba kuwa babu tallafin karatu, babu gurbin jiha, babu aikin gwamnati.

Ni da ba jami'i ba, me zan iya yi?

Idan akwai ruga ko tunga kusa da garinku, fara da zuwa wurin arɗo ko sarkin ruwa ka tambaye shi yara nawa ne, wane lokaci na rana suke da sarari, wane wata suke tashi. Amsarsa ce za ta nuna ko ajin asuba ya dace, ko na yamma, ko na damina kaɗai. Ka nemi sanin ko akwai makarantar makiyaya a rajistar ƙaramar hukumarku, da sunan wa aka rubuta a matsayin malaminta, da ko yana zuwa. Kwamitin kula da makaranta na unguwa da sakataren ilimi su ne wuraren kai ƙorafi, kuma ƙorafin da mutanen gari suka rako ya fi wanda makiyayi ya kai shi kaɗai nauyi.

Masu hali na iya ɗaukar nauyin saurayi ko budurwa ɗaya daga rugar zuwa kwalejin horar da malamai, da sharaɗin dawowa gida koyarwa. Masallaci ko ƙungiyar matasa na iya gayyatar ma'aikatan Hukumar Ƙidaya su zo su yi wa yara takardar haihuwa a ranar kasuwa, tunda ta ƙananan yara kyauta ce a doka. Mai gida a gari kuma yana iya riƙe ɗan ruga guda da ya ci jarrabawar shiga sakandare, da sharaɗin karatu ya kawo shi ba aikatau ba, iyayensa su riƙa zuwa ganinsa, ya kuma koma gida duk hutu.